Kaset Ɗin Rozihan Moma

Alma-Ata, 3 ga Oktoba, 1989

Sanawar hede, yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, yayanmu Hakimjan aka, da mahaifiyarsa, tsohuwarmu Rozihan Moma, da ciwon gwiwarta. Ya makaranta, ya 'yan ajinki? Mu nan lafiya lau, sai murar da ta kama Apa, mahaifiyata, tun shigowar sanyi, ita ma da sauƙi. Tuffar da kuka ba direba ta iso, rabi ta dame a hanya, rabi mun cinye a kwana uku.

Albishirinki. Littafina ya shiga cikin waɗanda za a buga bana! Shekara shida ina yawo ƙauye-ƙauye da rikoda a kafaɗa, kina yi mini dariya wai ina tara surutun tsofaffi kamar mai tara ƙwai, to ga shi ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsofaffi sittin da biyu ne a ciki, kowa da Uygurancinsa na da, an rubuta shi daidai yadda ya fito daga bakinsa. A ƙarƙashin kowace magana akwai sunan mai ita, da shekarunsa, da ƙauyensu, haka ƙa'idar aikin take.

Ga wasu shafuka na gwaji na haɗo miki, daga magana ta goma sha biyu zuwa ta goma sha shida, duk na yankinku ne. Don Allah ki duba mini sunayen ƙoramu da unguwanni, ni 'yar birni ce, kar in ji kunya. Ta goma sha huɗu ita ce ta Moma, wadda na ɗauka bazarar bara a ƙarƙashin inabinku. Hede, ita ce sarauniyar littafin. Shugaban sashenmu, Ilahun Baratovich, ya saurara ya cire gilashi ya ce rabon da ya ji irin wannan lafazi shekara talatin, akwai sautukan da aka ɗauka sun bi kakanni kabari, ashe suna nan a bakin Moma.

Na san haruffanmu na rubuta lafazi za su ba ki wuya, amma kin yi su a jami'a, za ki tuna. In kin ga dama ki karanta wa 'yan aji tara, su ji yadda harshensu yake kafin rediyo ya goge shi. Ki gaya wa Moma sunanta zai fito a littafi.

Ƙanwarki,
Adalat


Terekbulak, 14 ga Oktoba

Adalat,

Muna lafiya. Moma lafiya, Hakimjan lafiya, Allah ya ƙara wa Apanki sauƙi. Na gama gaisuwa ke nan, don wallahi ba ta ita nake ba.

Ke, kina da hankali kuwa? Kin karanta abin da kika aiko mini, ko dai kin kwafe shi ne ido rufe?

Mako guda na yi ina fama da haruffanku masu ƙaho da wutsiya, shafi ɗaya a rana, lokacin hutun rabin rana. Shekaranjiya na kai ta goma sha huɗu, a ɗakin malamai, shayi a gabana, da niyyar in shiga aji tara in karanta musu kamar yadda kika ce. Saura ƙiris, Adalat. Bari in rubuto miki ita da haruffan mutane, ko za ki gane:

"Shekarar yunwa, da muka gudu muka nufi Gulja, mun kai bakin ruwa, jaririna ya mutu. Da safe na taɓa shi na ji ya yi sanyi. Matar Zunun ta riga ta rasu kwana biyu kafin nan, jaririnta yana hannuna, ina ba su nono su biyu. Maza sun yi gaba neman mashigi. Na tona da hannuna na binne nawa, na naɗe na Zunun a tsumman nawa. Da mazan suka dawo na ce wa Zunun, naka ya rasu. Ya zauna a ƙasa, bai yi kuka ba. Na kira yaron Hakim, ya tashi Hakim."

A ƙasa kuma kin rubuta, tsaf: Rozihan, shekara tamanin, ƙauyen Terekbulak.

Wane Hakim kike tsammani? Hakim nawa ne a gidan nan? Mutumin da ya ɗauko miki rikoda daga tasha, ya yanka miki kaza, mijina, shi ne. Shekararsa hamsin da bakwai bai sani ba. Ni shekara talatin ina ɗakinsa ban sani ba. Zunun kuwa ke ba ki san shi ba, katanga ɗaya ce ta raba mu da gidansa tun da aka dawo daga Gulja, can tsallaken iyaka. Shi ya koya wa Hakimjan auren itatuwan tuffa. Ya rasu shekara takwas da suka wuce yana cewa Allah bai bar masa ɗa namiji ba, kuma Hakimjan ya ɗauki makararsa a matsayin maƙwabci. 'Yarsa Helimhan ta matarsa ta biyu tana nan, jiya ma ta shigo aron rariya, na kasa kallon idonta.

Yanzu na gane wani abu. Tun da kika tafi bara Moma take tambayata, "Yarinyar nan ba ta aiko da komai ba?" Ni ina ɗauka hoton da kika yi mata take jira. Ashe baiwar Allah bakinta ne ya suɓuce a gaban na'ura, shekara guda tana kwana da tsoro.

Kada ki kira waya. Patigul ta gidan waya tana sauraron kowace magana, kafin ki ajiye rabin ƙauye ya ji. Rubuto mini, kuma ki aiko ta adireshin makaranta, ba gida ba. Kakarki da uwata 'ya'yan wa da ƙani ne, da wannan zumuncin na buɗe miki ƙofar surukata. Ki cire wannan abu daga littafinki.

Sanawar


Alma-Ata, 20 ga Oktoba

Hede,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Apa ta warke.

Kin tambaye ni ko na karanta. Hede, na saurari wannan kaset ya fi sau arba'in. Ban san yadda zan sa ki yarda ba, amma bari in gaya miki yadda muke aikin. Mukan sa abin saurare a kunne, mu ji kalma uku ko huɗu, mu tsayar, mu mayar baya, mu sake ji. Ana neman inda harshe ya taɓa, inda sauti ya yi tsawo, inda tsohuwa ta haɗiye ƙarshen kalma. Kowace jimla tana hawa katinta, katin ya shiga akwati wurin 'yan'uwansa masu irin sautinsa. Jimlar da ta ce ta binne nata tana cikin wani akwati, wadda ta ce ta kira shi Hakim tana cikin wani. Kuma cikin tsofaffi sittin da biyun nan, da wuya ki sami wanda bai bar yaro a wannan hanyar ba. Kunnena ya saba. Na ji, na rubuta, na sa masa suna "Labarin hanya", kuma wallahi ko sau ɗaya fuskar Hakimjan aka ba ta faɗo mini ba. Ba hujja nake kawo miki ba, kunya ce ta ishe ni.

Na je wurin Ilahun Baratovich, ban faɗa masa komai filla-filla ba, na ce dai akwai sirrin iyali a ciki. Na ce ko za a cire sunanta. Ya ce maganar da ba ta da mai ita ba shaida ba ce, tatsuniya ce. Na ce to a sauya sunayen da ke ciki. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Adalat, in kika sauya kalma ɗaya yau, gobe wa zai yarda da sauran dubu hamsin ɗin?" Na ce a cire ta gaba ɗaya. Ya ce an riga an jera haruffa a maɗaba'a, kuma misalai kusan ɗari biyu a cikin bayanina daga bakin Moma suke. In na zare ta, sai an sake rubuta rabin littafi, mu rasa layinmu na bana, kuma layi na gaba Allah kaɗai ya san shekararsa.

Kada ki yi fushi da abin da zan ce. Kwafi ɗari biyar kawai za a buga, kusan duk ɗakunan karatu na jami'o'i za su tafi, Tashkent, Mosko, Kazan. Da waɗannan haruffan, waye a Terekbulak zai zauna ya karanta? Ki ba ni lokaci in duba ko akwai wata hanya.

Ƙanwarki,
Adalat


Terekbulak, 1 ga Nuwamba

Adalat,

Gida lafiya. An gama tsinkar tuffa, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Moma tana tari kaɗan.

Waye zai karanta? Yo ni da na karanta aljana ce? Haba Adalat! Surukin Helimhan malamin harshe ne a makarantar da ke gaba da mu, tare muka yi jami'a, ya fi ni iya haruffanku. Kuma bari ki ji abin da ba ki sani ba. Da wasiƙarki ta farko ta zo, tun kafin in buɗe shafukan, na faɗa a wurin cin abinci cewa sunan Moma zai fito a littafi. Laifina ne wannan, na ɗauka. Hakimjan ya kai maganar taron mashrap ɗinsu, maza talatin a zaune, ya ce uwarsa ta shiga littafin ilimi. Sun yi masa tafi. Sun ce ranar da littafin ya iso za a kawo shi taro a karanta a bainar jama'a, a yi wa Moma kyautar mayafi. Yanzu duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce, "Ɗan marubuciya, yaushe ne?" Shi kuma sai washe baki yake kamar yaron da aka saya wa keke.

Moma fa? Ranar da na faɗa, ta ajiye kwanon shayinta ta zuba wa Hakimjan ido. Tun ranar haka take. In ya shigo daga gona sai ta bi fuskarsa da kallo har ya zauna. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Hakim bai ce komai ba?" Na ce komai kamar me, Moma? Ta saki hannuna ta juya bango. Tsoro zai kashe tsohuwar nan kafin ajalinta, ke kina can kina "dubawa".

Shafukan da kika aiko na jefa su a tanderu, na gasa burodi a kansu. Saura ke. Abu uku nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ki zare maganar daga littafin. Ki ƙone katunanki. Ki goge kaset ɗin, don muddin yana kan kanta a ma'aikatarku, wata rana wani mai gilashi zai sake ɗauko shi ya ji daɗin lafazi.

Shekara shida kika ce. Shi shekara hamsin da bakwai yake kiran mace ɗaya Apa, uwarsa. Idan ba ki yi ba, kada ki sake rubuta mini "hede" a kan takarda.

Sanawar


Alma-Ata, 18 ga Nuwamba

Hede,

Ina fata kuna lafiya, tarin Moma ya yi sauƙi. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai na gama.

Na zare ta. Ilahun Baratovich bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hannu a takardar ya ce, "Ke kika san abin da kika jefar." An ba wani layinmu, mai littafi a kan harshen Karakalpak. Yanzu in mun haɗu a matakala sai ya gaishe ni da ladabi mai yawa, ni kuma in ji kamar in ture shi.

Katunan na kai su gida cikin jakar cefane, na ƙone su a bayan gida wurin da ake ƙona ganye. Apa ta leƙo ta ce me nake ƙonawa, na ce tsofaffin takardu.

Kaset ɗin ne ya tsaya mini a wuya, mako biyu. Ba nawa ba ne, hede, yana da lamba a rumbun ajiyar ma'aikata, kuma abu na farko da ake koya mana shi ne ba a goge muryar tsoho, ko tari ya yi a ciki. Sau uku ina ɗauko shi ina mayarwa. Na ce ko in ɓoye shi a gida, sai na tuna abin da kika ce, muddin yana nan wani zai ji. Yau Asabar, ba kowa a ofis. Na sa shi a rikoda, gefen da labarin yake, na rufe ƙofa, na danna jan maɓalli. Minti arba'in da biyar ina zaune ban motsa ba, don kar motsina ya shiga. Da ya ƙare na mayar baya na saurara, ba komai sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Ɗaya gefen na bar shi, can hirar gashin burodi ce da bikin aurenta, ba abin da zai cutar da kowa.

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar yau ba, kuma ban san ko don abin da na yi bara ba ne, ko don na yau. Amma an gama. Ki je ki gaya wa Moma a kunne cewa ta kwantar da hankalinta, ba wanda zai ƙara ji har abada.

Ina nan ƙanwarki in kin yarda,
Adalat


Terekbulak, 21 ga Nuwamba

Ƙanwata Adalat,

Ba mu lafiya. Jiya na aiko miki da telegiram, "Kada ki taɓa kaset", na san ya ruɗa ki, ga bayaninsa. Kwana ashirin ban ji daga gare ki ba, kuma karon farko a rayuwata ina gode wa Allah da taurin kanki. Na san ki, ba za ki iya goge shi ba.

Ranar Lahadi da hantsi ina taje wa Moma kai, na ga duk ta rame, tausayi ya kama ni. Na sunkuya na ce, "Moma, na san abin da kika faɗa wa na'urar Adalat. Kada ki damu, na sa ta goge, Hakim ba zai taɓa ji ba."

Adalat, ta fizge kanta daga hannuna har gashi ya zauna a mataji. Ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Moma, ai rufa miki asiri nake."

Ta ce, "Asirin ya ci ni shekara hamsin da bakwai, ke kuma ki zo ki ƙara masa murfi? Kina tsammani bakina ne ya suɓuce? Kwana uku ina shiri kafin in zauna gaban yarinyar nan. Na kasa faɗa wa Zunun har ya mutu. Na kasa faɗa wa Hakim, in na dubi fuskarsa harshena sai ya mutu. Na ce ga mai ilimi, ga na'ura, ita za ta san yadda za ta kai masa. Na faɗa mata tas. Na yi shiru ina jira ta ce wani abu. Sai ta ce wai in sake faɗa mata 'mashigi'."

Na rasa inda zan sa kaina. Duk tambayar da take yi, yarinyar ba ta aiko da komai ba, Hakim bai ce komai ba, ni na karanta ta a tsoro, ashe jira take. Ke kin ji ba ki gane ba, ni na gane a karkace, na kuma zage ki a kai. Ki yafe mini.

Da la'asar muna shan shayi ta ce masa, "Hakim, na bar maka saƙo a na'urar Adalat. Ka je ka ji da kunnenka, bakina ba zai iya ba kana kallona. In ka ji, ka dawo ka same ni." Ya yi dariya ya ce ai littafi na zuwa. Ta ce, "Ba littafi ba. Muryata."

Jiya da safe na kai mata ruwan alwala na tarar gefenta na dama ya mutu, baki ya karkace. Likita ya zo daga Yarkent, ya ce tana ji, tana ganewa, amma maganar da wuya ta dawo, kuma kada mu yi dogon buri. Hakimjan ya ƙi tashi daga gefenta, ita kuwa da hannun hagu sai nuna masa ƙofa take. Ya tambaye ni ko na san saƙon, na ce ba nawa ba ne da zan faɗa. Ya yanke zai hau motar safe ranar Asabar, ya kwana ɗaya ya juyo.

Ki tanadi rikoda. Ki ba shi ɗaki shi kaɗai, ki kunna masa, ki fita.

Yayarki,
Sanawar


Alma-Ata, 26 ga Nuwamba

Hede,

Allah ya ba Moma sauƙi, ya sa Hakimjan aka ya same ta da rai. Yanzu na dawo daga raka shi tasha. Zai riga wannan takarda isowa, saboda haka ke kin san abin da ni ban sani ba.

Wasiƙata ta ranar goma sha takwas ga wata ta same ki kafin ya taso, na tabbata. Kin san babu kaset, kika bar shi ya hau mota haka nan. Da farko na ji haushinki. Daga baya na ga in ni ce ke, abin da zan yi ke nan.

Ya iso jiya da la'asar da buhun tuffa a kafaɗa. Apa ta yi masa taliyar lagman, ya ci loma biyu ya ajiye, ya ce, "Ƙanwata, ina na'urar?" Na kai shi ɗakina na rufe ƙofa. Na ce, "Aka, na goge." Ban ambaci sunanki ba. Ya dube ni ya ce, "To ke kin ji abin da ta ce?" Na ce na ji. Ya ce, "Faɗa mini."

Na buɗe baki da niyyar in tsara masa a hankali, in zagaya, in sassauta. Ban iya ba, hede. Ban san labarin da kalmomina ba, da nata kawai na san shi. Sai na rufe ido na fara daga "Shekarar yunwa", yadda ta faɗa, da inda ta ja numfashi, da inda ta yi tari, da tsohon lafazinta da ba mai yin sa yanzu. Na kai ƙarshe ban buɗe ido ba.

Sai ya ce, "Zunun aka na bayan katanga?" Na ce shi. Ya dubi tafukan hannayensa, ya juya su, ya ce, "Ya taɓa ce mini hannuna irin nasa ne, ya karɓi wuƙa da kyau." Sai ya ce, "Da ta gama, me ta ce?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba, aka. Ta yi shiru tana jira."

"Ke kuma me kika ce?"

Na gaya masa na ce ta sake faɗa mini "mashigi". Ya ce, "Ta sake faɗa miki?" Na ce sau uku. Wallahi na so ya mare ni. Sai kawai ya girgiza kai ya ce, "Kai, Apa. Duk duniya ta rasa wanda za ta aika sai kurma."

Ya tashi ya fita ba hula. Na leƙa ta taga na gan shi tsaye a tsakar gidajen, cikin sanyi, har aka kunna fitilu. Da ya dawo ya wuce ya kwanta, ban san abin da ke ransa ba, ko fushi ne, ko me. Yau da safe ya sha shayi a tsaye. Na ɗauko kaset ɗin, jiya na sato shi daga ofis, na ce ɗaya gefen akwai muryarta tana dariya. Ya karɓa ya sa a aljihun ƙirji, bai ce na gode ba.

A tasha na yi ta maza na ce, "Aka, tana jiranka. Tana ji." Ya ce ya sani. Ya hau, ya zauna gefen taga, ni ina ƙasa ina rawar sanyi, ban san wane mutum nake aiko muku ba. Direba ya tayar da mota. Sai ya ture gilashin ya leƙo.

Ya ce, "Adalat. Wurin da ta ce tana ba mu nono mu biyu. Haka ta faɗa, mu biyu?"

Na ce, "Haka ta faɗa, aka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tun jiya nake neman abin da zan kira ta in na shiga." Idonsa ya kawo ruwa, bai share ba. "Apa zan ce. Ban iya wani suna ba."

Ki rubuto mini ranar da ya iso, hede, ko layi biyu ne. Ki gaya mini ko ta ji.

Ƙanwarki,
Adalat